Gwaggo Mai-tef da Maɓalli Marar Huji

Duk layinmu babu wanda bai san Gwaggo Mai-tef ba, kuma babu wanda ita ba ta san faɗin ƙugunsa ba. Ƙanwar mahaifina ce, tela ce tun kafin in iya wanke fuskata, shekara arba'in da 'yan kai tana zaune a ɗakuna biyu a saman wani kantin magani. Ɗakin gaba shi ne shago, na baya shi ne na kwana, matakala goma sha bakwai ce tsakaninta da titi. Ni kuwa shekarata talatin ina yi mata guga, ina sa maɓalli, ina shan faɗa. Yanzu ina da hamsin da biyu, har da jikoki, amma gobe in na ƙona wuyan riga sai ta ce, "'Yar nan, wai yaushe za ki yi hankali?"

Tef ɗin awo a wuyanta yake wuni. Ba ta taɓa rubuta awon kowa a takarda ba, duk a kanta yake. Idan mace ta dawo da riga ta ce ta matse ta, Gwaggo ba ta ko ɗaga kai daga keken ɗinki.

"Tef ba ya ƙarya," za ta ce. "Rigar tana nan yadda na yanka ta. Ke ce kika ƙaru, Allah ya ƙara lafiya."

Mata sun sha sauka daga benen nan suna huci, suna rantsuwa ba za su sake hawa ba. Bayan wata biyu sai ka gan su da sabon yadi a leda, don duk garin babu mai zaunar da hannun riga kamar ita.

Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar ta da ɗa guda mai shekara shida. Da keken nan ta raine shi. Duk shekara takan tsayar da shi a jikin katakon ƙofar shago, ta ɗora almakashi a kansa ta karce alama, har ya wuce inda hannunta yake kaiwa. Alamomin suna nan har yau, suna hawa sama ɗaya bayan ɗaya. Shi ne Injiniya, mai gina gadoji. Yakan zo gaishe ta, ba zan yi masa sharri ba, amma mota a kunne yake barin ta a ƙasa, waya a kunne, minti biyar ya ce, "To Umma, sai na dawo."

Abin ya fara ne daga rigunanta. Wata rana na ga gefen doguwar rigarta yana share ƙasa, na yi magana. Ta ce yadin zamani ne, saki yake yi. Bayan sati biyu wata rigar ma haka, wannan karon ta ce ni ce nake jan kaya wajen guga kamar mai jan igiyar rijiya. Ni! Shekara talatin ban ja ba sai yanzu? Daga nan kantar da take ajiye zare ta yi mata nisa, ta ce wani ya ɗaga ta. Kantar da ke kafe da ƙusa huɗu tun ina budurwa. Wata safiya na shigo da wuri na same ta ta tara rigunanta a ɗakin baya tana rage musu tsawo, tana ganina ta cusa su ƙarƙashin filo kamar kayan sata.

Ranar da asiri ya tonu, ba ma faɗuwa ta yi ba. Tashi ta yi daga keke, ta taka gefen rigar da ba ta kai ga ragewa ba, ta dafa tebur don kada ta kifa. Dafawar kawai. Na ji ƙas, ita kuma ta ce, "Wash," a hankali, ta zauna tana kallon hannunta na hagu kamar na wani. Wallahi ban taɓa jin Gwaggo ta ce wash ba sai ranar.

A asibiti aka ɗaure hannun, sannan likita ya ce karaya irin wannan daga dafa tebur ba ƙaramar magana ba ce, sai an yi hoton da ke nuna ƙwarin ƙashi. Aka kwantar da ita a wani gado, na'ura ta bi ta kanta. Nas ta auna tsayinta, Gwaggo ta ce a faɗa mata da inci, ita ba ta san wani lissafi ba. Nas ta ce sittin da rabi.

"Sittin da uku," in ji Gwaggo.

"Mama, ga shi nan, sittin da rabi."

"'Yata, sittin da uku nake tun kafin a haifi uwarki. A kai ma'aunin nan gyara."

Likitan yaro ne mai haƙuri. Ya zaunar da mu, ni da ita da Injiniya, ya ce ƙasusuwanta sun zaizaye daga ciki, sun yi sakayau, abin yakan sami mata da yawa in shekaru sun ja. Ya ce ƙasusuwan bayanta sun ɗan danne juna, shi ya sa tsayi ya ragu. Ya ce abin tsoron shi ne ƙashin kwankwaso, in ya karye sai kwanciya mai tsawo. Ya rubuta ƙwaya guda da za a sha sau ɗaya a sati, ya jera ƙa'idojinta: da safe kafin a ci komai, da ruwa zalla kofi cike, a haɗiye ba a tauna ba, sannan rabin awa ba kwanciya, ba sunkuyo, ba shayi, ba wani magani. Ya ƙara da ƙwayar kalshiyam mai haɗe da bitamin, ita kullum, amma sai can bayan abincin rana, kada su haɗu da ta satin. Ya yi bayani mai tsawo a kan abin da maganin yake yi da abin da ba ya yi. Ni na saurara. Gwaggo kuwa na lura idonta yana kan kafaɗarsa tun da muka shiga.

Da ya gama ya ce, "Mama, akwai tambaya?"

Ta ce, "Wa ya ɗinka maka farar rigar nan? Hannun dama ya fi na hagu tsawo."

A gindin bene Injiniya ya tare mu. Ya kalli matakalar nan goma sha bakwai, babu ko abin dafawa, ya ce shi ya gama magana, akwai ɗaki a gidansa a ƙasa, da talabijin da komai, ta rufe shago ta huta. Gwaggo ta ce ranar da za a sauko da kekenta, a sauko da gawarta tare. Suka yi ta yi a bakin titi har Mai-kemis, tsohon da ke da kantin ƙasa, ya fito ya raba. Aka tsaya a kan sharaɗi: in tana shan maganin yadda aka ce, ta zauna a shagonta. In ta yi wasa da shi ko sau ɗaya, zai zo da motar kwasar kaya, ba shawara.

"Ke ce shaida," ya ce da ni. "Ko da yake shaidar taubashiya sai a hankali."

"Ka ji shi," na ce, "mai gina gada da ya kasa sa wa uwarsa ƙarfen dafawa."

Ya ce zai turo a sa. Bai turo ba.

Haka Talata ta zama ranar ƙwaya. Ƙarfe bakwai na safe ina saman bene, in ɓalle ƙwayar daga takardarta in miƙa mata, in cika kofi, in duba agogon bango. Satin farko ba a kai minti goma ba fil ya faɗi ƙasa, ta sunkuya ta ɗauka, ta kuma faki idona ta kurɓi shayi. Ranar wuni ta yi tana dafe ƙirji da ƙwannafi, tana cewa likitan nan garwashi ya ba ta. Daga nan ta bi doka, har ta wuce gona da iri. An ce mata zama a miƙe ma ya isa, ta ce a'a, ita tsayuwa za ta yi. Sai ta je bakin taga ta ƙame, kafaɗa a baya, haɓa a sama, kamar sabon soja.

Kai, rabin awar nan ni nake shan wuyarta. Mace da ba ta taɓa zama hannu banza ba, ga shi an hana ta keke, an hana ta shayi, sai baki ya rage. Duk wanda ya wuce a titi sai ta yi masa awo daga sama. "Dubi wancan wandon, kamar an ɗinka shi ana gudu. Waccan kuma wa ya cuce ta da wannan wuyan? Kira ta, 'yar nan, kira ta." Fil ya faɗi, ni zan ɗauka. Zare ya gangara, ni zan bi. Wani lokaci ina ganinta take ture abu da gwiwar hannu don kawai ta ga na sunkuya.

Ƙwayar kalshiyam kuwa ba a sha rigima da ita ba. Babba ce, fara, mai gari, Gwaggo ta raɗa mata suna alli. Ranar da allin ɗinkinta ya ɓata, da ita ta zana wuyan wata riga, ya kuma fito sarai, sannan ta jefa sauran a baki.

Duk ƙarshen sati Injiniya zai bugo mini waya: "Tana sha?" In ce tana sha, da bakina, da gaskiyata. Hannu ya warke, keke ya ci gaba da kuka, har wata biyar ya kusa cika. Ni kam har na fara yabon kaina.

Ranar wata Litinin wata malamar makaranta ta kawo farar rigar mijinta, maɓalli ɗaya ya fita. Muna da wani tsohon gwangwanin biskit cike da maɓallai, na shekara arba'in, kowane iri. Na zura hannu na lalubo ƙaramin fari na miƙa wa Gwaggo ba tare da na duba ba. Ta ɗora shi a kan rigar, ta gyara tabarau, ta soka allura. Allura ta ƙi shiga. Ta juya shi ta sake sokawa.

"Kin ga kayan zamani ko?" ta ce da malamar. "Yanzu har maɓalli suke yi ba huji. Haɗama ce kawai."

Ta danna da ƙarfi, maɓalli ya dare biyu, gari ya zuba a kan rigar. Na kalli garin, na kalli Gwaggo. Gwaggo ta kalli silin.

Na jira sai da malamar ta tafi. Na juye gwangwanin a kan teburin yanka, na baza, na shiga tsince ƙwayoyin Talata ɗaya ɗaya daga cikin maɓallan. Har da wadda ta fashe, goma sha ɗaya. Ashe yatsun nan da ke riƙe fil da alli da zare a lokaci guda, su ne ke riƙe ƙwayar in ta kai hannu baki. Ta sha ruwanta kofi cike, ta sauke hannu a kan gwangwani, shi ke nan.

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi da ita ba. "Gwaggo, sati goma sha ɗaya! Kin mayar da ni maƙaryaciya a wurin ɗanki. Ina baro gidana ko karyawa ban yi ba, ina tsince miki fil kamar kaza. To tsayuwar fa? In ba kya sha, tsayuwar me kike yi rabin awa, kina hana kanki shayi?"

"Tsayuwar ai ita ce maganin," ta ce, ko kunya babu. "Ke ba kya ganin in na yanka doguwar riga sai na rataye ta ta kwana ta sauka kafin in kalmashe? Jiki ma haka ne. Ƙwayar ce ba ta da amfani. Sati takwas na sha ta."

"Wa ya ce miki ba ta da amfani?"

Sai ta taɓa tef ɗin wuyanta. Ashe duk Talata in na sauka sayen burodi, sai ta jingina da bango ta auna kanta. Sati takwas tana jiran inci biyu da rabinta su dawo, ko ƙwayar zarra ba ta dawo ba, sai ta yanke wa ƙwaya hukunci. Ta sani ke nan tun farko. Duk musun da ta yi wa nas, da laifin da ta ɗora wa yadi da guga da kanta, ta sani. Tausayinta ya kama ni, amma ban bari ta gani ba, don fushina bai ƙare ba.

Na sauka na kirawo Mai-kemis. Rabonsa da hawa benen nan shekara goma, tun ranar da ta gaya masa cikinsa ya ƙaru da inci huɗu a gaban matarsa. Ya hau yana nishi, ya ga ƙwayoyin a jere tsakanin maɓallai, ya yi dariya har sai da ya zauna.

"Mai-tef," ya ce, "ni ina ƙasa ina yabonki, duk wata kina aikowa a karɓa a kan lokaci. Ashe ajiya kike yi."

"Ka bar dariya ka ba ni amsa. Ina tsawona?"

"Tsawon da ya tafi ya tafi, babu ƙwayar da ke dawo da shi. Wannan aikinta ta rage zaizayewar, ƙashin da ya saura ya ƙara ƙwari, kada gobe ki dafa bango kwankwaso ya amsa. Kuma ba a ganin aikinta da tef, sai an sake hoto bayan shekara ɗaya ko biyu. Tsayuwar kuwa don kada ƙwayar ta tsaya ta ƙona miki maƙogwaro ne, ba don ki miƙe ba."

Gwaggo ta ɗauko wani ƙyalle daga ƙasan tebur, ta ja zare ɗaya a bakinsa, ya biyo, wani ya biyo bayansa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kalmasa ke nan," ta ce. "Ba ta ƙara wa yadi tsawo, warwarewa take hanawa. To me ya hana yaron nan ya faɗa mini haka?"

"Ya faɗa," na ce. "Kina kallon hannun rigarsa."

Mai-kemis ya kwashe ƙwayoyin ya ce waɗannan sun sha iska da ƙura, zubarwa za a yi, kuma a koma a gaya wa likita gaskiya. Da ya fita Gwaggo ta ce, "'Yar nan, ba sai Injiniya ya ji ba ko?" Muryarta ta yi ƙasa, ban saba jin ta haka ba. Na ce ni dai ba zan kai ƙara ba, amma in ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba. Na tafi gida zuciyata a jagule, don in aka rufe shagon nan na san ba za ta yi shekara a gaban talabijin ba.

Washegari Talata ina hawowa na ga motarsa a ƙasa, a kunne kamar kullum. Ita ta kira shi da kanta. Yana tsaye a tsakiyar shago da waya a hannu, ita kuma tana gaya masa komai, sati goma sha ɗaya, gwangwani, har da rigar mijin malama. Fuskarsa ta haɗe.

"Umma, mun yi sharaɗi."

"Mun yi. Sauka ka kashe motar nan tukuna, mai take sha a banza."

Ya sauka ya kashe ya dawo. Ta sa na ɓallo sabuwar ƙwaya, ta ɗora a harshe, ta shanye kofi, ta buɗe baki ya duba, ta baza masa yatsu goma. Sannan ta cire tef daga wuyanta, abin da ban taɓa gani ba, ta miƙa masa. Ta je ta jingina da katakon ƙofa, ta cire takalmi.

"Auna ni. Ka ɗora almakashi ka karce, yadda nake yi maka."

Ya ɗora, ya karce, ya ja tef. Sai ya tsaya yana kallon katakon, don sabuwar alamar ta faɗa daidai kan tasa ta shekara goma sha biyu.

"Nawa?" in ji Gwaggo.

"Sittin da rabi, Umma."

"Tef ba ya ƙarya," ta ce. "Ni ce na ragu." Ta goge ido da bayan hannu, ta ce ƙura ce. "To ka ji. Ba na neman ya dawo. Amma ranar da ka zo ka ga na sauka ƙasa da wannan layin, ko ka ga ƙwaya a gwangwani, kawo motarka, da kaina zan naɗe keken. In kuwa ba ka yarda da shaidar wannan sakaryar ba, ka zo ka duba da idonka."

Ni ce sakaryar, bayan duk wahalata. Na haɗiye.

Wayar Injiniya ta yi ƙara, ya duba, ya kife ta a kan tebur. Saura minti ashirin da biyar a agogo, ita ba dama ta zauna a keke, shi kuma ba dama ya tafi ya bar maganar a rataye. Suka tsaya a bakin taga su biyu. Can na ji tana nuna masa wandon wani mai wucewa, na ji ya yi dariya.

Ranar Alhamis ma'aikatansa suka zo suka kafa ƙarfen dafawa gefe biyu na matakalar, Gwaggo ta ce na hagu ya karkace da rubu'in inci, aka auna, ya karkace. Mun koma wurin likita ta faɗa masa gaskiya, ta kuma karɓo rigarsa ta gyara hannun. Shekara guda ke nan da rabi, motar kwasar kaya ba ta zo ba. Injiniya kuwa duk Talata ƙarfe bakwai yana saman bene, mota a kashe, shi yake ɓalle ƙwayar, shi yake duba yatsu, shi yake tsince fil.

Talatar da ta wuce, bayan ya tsayar da ita a jikin ƙofa ya ga layin yana nan inda yake, ya dubi agogo ya ce rabin awa ta cika, ya ɗauki makullin motarsa.

"Agogon nan gudu yake yi," in ji Gwaggo, tana ƙame a bakin taga. "Saura minti goma. Ajiye makullin."

Ni nake saita agogon nan da hannuna, daidai yake. Injiniya ma ya sani. Ya ajiye makullin.